Wili Ɗaya Cikin Huɗu

Ranar da Lubabatu ta fara ganin Nafi'u, ƙeyarsa ta fara gani. Yana tsugune gaban tayar wata farar mota, ya kai bakinsa dab da wili, wato ƙarfen tsakiyar tayar, yana hure baƙar ƙura kamar mai hura wutar murhu.

Watanta uku da kama aikin duba-gari a Anka, kuma a wata ukun nan babu wanda bai san muryarta ba, daga mahauta har masu tuyar ƙosai. Wurin wankin motar nan na bakin hanyar Gummi shi kaɗai ya rage mata.

"Malam! Huhun naka na aro ne?"

Ya juyo. Dogo ne siriri, ga baƙi a kan hancinsa, ga murmushin da babu wanda ya roƙe shi.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Ban je Makka ba."

"Allah Ya kai ki. Sannu da zuwa, Malama."

Idonta ya riga ya sauka kan wata jarka da ke gefen bokitinsa. Ta buɗe murfin, warin ya doki hancinta. Ruwan batir ne, irin wanda ake tsiyayowa daga tsofaffin baturan mota. Ta bi ruwan wankin da ido. Ya gangara ta 'yar kwata, ya ratsa ƙarƙashin dogon yaro, ya faɗa tafkin da shanun Fulani ke sha da la'asar.

"Mi kake yi da wanga?" Idan ranta ya ɓaci, Hausar makaranta takan gudu, ta gida ta dawo.

"Malama, kin san ƙurar birki? Ba ƙurar hanya ba ce. Duk sanda direba ya taka birki, ƙarfe na cin ƙarfe, garin ya fito da zafinsa ya manne wa wili. Ga ramuka, ga shingayen bincike, daga Gummi zuwa nan sai mutum ya taka birki sau ɗari. Rana ta zo ta ƙara gasa ta. Sabulu ko gaishe ta ba ya yi. Amma ɗigon wannan, minti biyu sai ki ga fuskarki a jiki."

"Akwai madubi a gidanmu. Ka san akwai gubar dalma a ruwan nan? Ka san shanu na sha, yara na shan nonon? Na ba ka kwana bakwai. In na dawo na tarar da jarkar nan, takardata za ta rufe wurin nan."

Ya miƙe, ya share hannu a wandonsa, ya dube ta sosai a karon farko.

"To ki nuna mini abin da zai fitar da ita. In ta fita, ni da kaina zan kai jarkar inda kika ce. In ba ta fita ba, ki gaya wa direbobin nan da bakinki cewa su riƙa yawo da baƙin wili."

Ta ce, "Gobe." Ta juya da takunta na ƙasaita. Sai da ta sha kwana ta tuna ba ta san abin da ke fitar da ƙurar birki ba.

Littattafanta na makarantar koyon aikin lafiya ba su ce komai a kan wili ba. Abin da ya cece ta shi ne Inna Tabawa, mahaifiyarta, da ta gani a tsakar gida tana dirzar wata tsohuwar tasa mai tsatsa da jiƙaƙƙiyar tsamiya. Ƙurar birki garin ƙarfe ce. Tsatsa ma ƙarfe ce. Washegari da safe muryar Inna ta cika gidan.

"Wa at taɓa min tsamiyar kunu?"

Lubabatu ta riga ta kai ƙofa da kwano a cikin leda.

A wurin wankin ta tarar da direbobi kusan goma, don labari ya riga ta isa. Wata mota ta tsaya daga Gummi a lokacin, wilinta baƙi ƙirin. Ba ta jira kowa ba, ta tsuguna ta watsa ruwan tsamiyar. Ya yi cuu, ya bushe nan take, ya bar ja-ja a kan baƙin. Wilin ya fi dā muni.

Dariya ta ɓarke.

"Malama ta dama wa taya kunu!"

"A ƙara mata suga!"

Kunnuwanta suka yi zafi, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Nafi'u ne kaɗai bai yi dariya ba, ko da yake ta ga yana cije leɓe.

A hankali ya ce, "Malama, ba a taɓa wili mai zafi. Ko ruwan batir ne sai ya huce. Wannan ba a littafi yake ba."

"Mi ya hana ka faɗa tun ɗazu?"

"Kin tambaye ni?"

Aka tura motar inuwa. Suka zauna jira, ita a wannan ƙarshen benci, shi a wancan. Da ƙarfen ya huce, ta hana shi goge shi a bushe. Ta sa ya fara jiƙa shi da ruwa don kada ƙurar ta tashi, ya wanke da sabulu, sannan ta shafa tsamiyar da kauri. Suka ba ta ɗan lokaci ba tare da sun bari ta bushe ba. Ya ɗauko tsohon burushin haƙori ya bi lungu-lungu, ya ɗauraye. Rabin baƙin ya tafi, rabi ya tsaya yana kallonsu.

Ta ce, "A sake."

Suka sake. A karo na uku wilin ya fito fes, har ramukan noti. Direbobin suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da fasinja.

Nafi'u ya ce, "Sau uku! Aikin minti biyu kin mai da shi na awa guda."

"Abin da ya manne ba ya fita a wankin farko. Ɗauko jarkar."

Ya ɗauko. Ya kuma rantse mata ba zai ƙara amfani da ruwan batir ba.

Doka ta ce a duba wuri sau ɗaya a wata. Lubabatu ta duba wurin Nafi'u sau shida a watan farko. Ta sa shi ya haƙa rami ya shafe shi da siminti don ruwan wanki ya daina zuwa tafki. Ta kawo masa takunkumin fuska, ta yi masa faɗa da ya rataye shi a wuya. Ta kawo safar hannu, ta yage a kwana biyu, ta yi masa faɗan wannan ma. Ta sa ya sayi akwatin ƙarfe da zai riƙa kulle kayan aikinsa a wurin, kada ya shiga gari da su. Shi kuwa komai ta ce sai ya yi gardama tukuna, sannan ya yi.

Saƙon farko da ya shigo wayarta cewa ya yi: "Malama Tsamiya, yau ba ki zo dubawa ba. Na karya doka uku, babu wanda ya yi mini faɗa. Rana ba ta yi daɗi ba."

Ta rubuta: "Wa ya ba ka lambata?"

"Tana jikin takardar gargaɗin da kika ba ni. Ita ce wasiƙa mafi daɗi da aka taɓa rubuto mini."

Ta kifa wayar a kan katifa tana tsaki. Ta ɗauka ta sake karantawa sau huɗu.

Bayan wata uku, a kan bencin nan, ya ce da ita, "Tsamiyata, ni ɗan Gummi ne, ba ni da boko sai sakandare. Amma ina son in riƙa jin faɗan nan a gidana, ba a bakin titi ba."

"Haka ake neman aure a Gummi?"

"Haka ake neman naki."

Ta ja hijabinta ta rufe murmushin. "Sai ka je wurin Baba. Ka wanke hannu sosai."

Ba wasa take yi ba. Malam Namadi, mahaifinta, mutumin Bagega ne. A shekarun da kowa ya ruga ramin zinari, shi ma ya riƙa kawo duwatsu gida yana niƙawa a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasa inda yara ke rarrafe, babu wanda ya san akwai dalma a cikinta. Hudu ɗan shekara uku da Zulai da ba a yaye ba suka rasu, kwana arba'in tsakani. Lubabatu tana da shekara goma a lokacin, ita ce ta riƙe Zulai tana fizge-fizge a kan babur a hanyar asibiti. Daga nan Malam Namadi ya bar garin, ya dawo Anka, ya sayi tsohuwar mota yana jigilar fasinja zuwa Gummi. Tun daga ranar, takalmi ba ya wuce zaurensa. Kuma duk wanda ya ba shi hannu, sai ya juya hannun ya duba.

Nafi'u ya zo ranar Juma'a da farar shadda. Ya wanke hannu da sabulu, ya wanke da tsamiya, ya wanke da lemun tsami. Malam Namadi ya karɓi gaisuwarsa, ya juya tafin. Baƙi na nan kwance a tsagar fata da gefen farata, siriri kamar zanen alƙalami.

Da baƙon ya tafi, ya kira 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka ba ya kiran sunan.

"Uwata, yaron ga yana da ladabi. Amma ba ni ba da ke gare shi."

"Saboda mi, Baba?"

"Ƙura ce sana'atai. Kuma an ce min shi na mai ruwan batir."

"Ya bari! Ni na hana shi!"

"Ni ma na sha cewa na bari, sannan in koma rami. Ba ni yi maki dole ga kowa. Amma jikokina ba su rarrafe inda ƙura ke shiga. Na gama magana."

Ta buɗe baki, Inna ta harare ta daga bakin ɗaki, ta rufe. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, duk maganar da Baba ya yi, ita ce take yi wa mutane kullum a kasuwa.

Wata bakwai aka yi a haka. Ba ta yi kuka gaban kowa ba, ba ta ƙi cin abinci ba, ba ta daina gaida Baba da safe ba. Duk ranar Juma'a bayan sallah takan kai masa fura, ta durƙusa ta ce, "Baba, ina nan a kan maganata." Shi kuma ya ce, "Ni ma haka." Inna ta ce ita kam ta gaji da zama tsakanin duwatsu biyu, ga tsamiyarta ba ta kwana uku a gida.

A cikin watannin nan wani Lukman ya bayyana yana neman auren Lubabatu. Ɗan Bukkuyum ne, mai sayen zinari, mai jar mota da wili huɗu masu walƙiya. Da Malam Namadi ya juya hannunsa, sai ya gan shi sumul kamar na jariri.

"Baba, zinari fa yake saye."

"Saye yake yi, ba ya niƙa. Dubi hannunai."

Takan fita ta gaishe shi don darajar Baba, ta ce masa akwai wanda take so, ta koma ciki. Shi kuma ya dawo mako mai zuwa da sabon turare, kamar ba da shi aka yi maganar ba.

Wata Asabar ta fito, sai ta ga motar Lukman, wilin gaba da na baya na gefen da ke kallon ƙofarsu sun yi dabbare-dabbaren fari, kamar an watsa musu toka ta kama. Ta san wannan tabon. Ruwan batir ne kaɗai ke ƙona wili haka idan an bar shi ya daɗe.

"Ina ka kai wanki?"

Lukman ya ɗaga kafaɗa. "Wurin mutumin naki mana. Kin ga dai yadda motar ta koma."

Ba ta ko yi masa sallama ba. Ta koma ciki ta rubuta wa Nafi'u: "Ka rantse mini. Na ga motar Lukman."

Amsa ta zo nan take: "Luba, wili ɗaya kawai na taɓa. Ki zo ki ji."

"Biyu na gani da idona. Ga karya alkawari, ga ƙarya. Wata bakwai ina durƙusa wa Baba saboda kai. Kada ka ƙara kirana."

Bai kira ba. Amma kowace safiya saƙo ɗaya yakan shigo.

"Kwana biyu. Takunkumi na kan hancina, ba a wuya ba."

"Kwana biyar. Wili goma sha biyu yau, kowanne sau uku. Ina nan."

"Kwana takwas. Ke kika ce abin da ya manne ba ya fita a wankin farko. Zan jira ki huce, don ba a taɓa mai zafi."

Ta karanta ta ce, "Ji min ɗan rainin hankali." Ranar Juma'a ta kai wa Baba fura, ta durƙusa, ta tashi ba ta ce komai ba. Ya bi ta da kallo. Wannan shirun ya fi komai yi mata ciwo, don ji ta yi kamar ta faɗi jarrabawar da ta yi wata bakwai tana rubutawa.

A rana ta goma ta dawo daga aiki ta tarar da jar motar a ƙofar gida. Wannan karon daga titi ta ɓullo, don haka gefen hagu da ke kallon hanya, wanda ba ta gani ba ran nan, shi ta fara gani. Wilin baya ya ƙone fari kamar sauran. Na gaba kuwa yana ɗaukar ido, babu baƙi, babu tabo.

Ta tsaya cik. Sai ta tsuguna a tsakiyar titi, da kayan aikinta da komai, ta sa ɗan yatsa a ramin noti. Ta zaro wani siririn zare mai ruwan ƙasa. Jijiyar tsamiya ce.

Daidai lokacin Baba ya rako Lukman daga zaure.

"Uwata, mi kike nema ƙarƙashin motar mutane?"

Ta miƙe da zaren a hannu. "Malam Lukman, wili nawa Nafi'u ya wanke maka?"

Ya yi 'yar dariya, ya gyara hula. "Ɗaya. Awa biyu ina zaune, mutumin nan yana shafa wa taya tsamiya kamar mai yi wa amarya lalle. Na ce ya zuba ruwan batir mu tashi, ya ce shi ya bari. Na ce zan ninka masa, ya ce ko motar zan ba shi. Sai na tafi abina na yi da kaina. Na dai bar shi ya daɗe ne."

"Amma ka bar ni na ɗauka shi ne."

"Ni ban ce shi ne ba."

Malam Namadi bai kula da wannan ba. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ina ka zuba shi?"

"A gida, Baba. A tsakar gida, inda famfo yake."

"Da yara gidan?"

"'Ya'yan yayana. Ai nan suke wasa."

Tsohon ya dafa bango. Lubabatu ta ga fuskar da rabonta da ita tun Bagega.

"Ɗana, shiga motarka yanzu. Kada ka tsaya ko'ina. Ka kankare ƙasar wurin, ka kai ta nesa da gari ka binne. A yi wa yaran wanka, a kai su asibiti a duba jininsu. Tafi!"

Lukman ya dubi fararen hannuwansa, ya dubi tsohon, ya shiga mota. Bai sake zuwa zance ba. Daga baya aka ji ya yi duk abin da aka ce, yaran kuma lafiyarsu lau.

Lubabatu ta shige ɗaki, ta riƙe waya kusan rabin awa. Ba ta saba ba da haƙuri ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba.

Daga ƙarshe ta rubuta wa Nafi'u: "Na ga wilin hagu."

"Ya yi kyau?"

"Akwai sauran tsamiya a ramin noti. Ba ka ɗauraye da kyau ba."

"Wannan shi ne ban haƙurin?"

Ta yi tsaki, ta goge hawayen da ya zubo ba da izininta ba. "Ka yi haƙuri, Nafi'una. Gefe ɗaya na duba na yanke hukunci. Ni da aikina dubawa ne."

"Ya wuce, Tsamiyata. Bencinki na nan, babu wanda ya zauna a gefenki."

Ta ɗauka an gama. Ranar Juma'a ta kai fura da murmushi. Baba ya kurɓa ya ce, "Wancan ya fita. Amma wanga bai shiga ba."

"Baba!"

"Hannunai baƙi ne."

Nan haƙurinta ya kai maƙura. Ta durƙusa sosai, amma muryarta ba ta durƙusa ba. "Baba, farin hannu ka gani ka yarda, ga abin da ya kai cikin gida. Ni gefe ɗaya na duba, na zalunci mutum kwana goma. Kai ma tafin hannu kawai ka duba. Ka je ka ga sauran. In ka dawo ka ce a'a, wallahi ba zan ƙara tayar maka da maganar ba. Amma ba zan auri kowa ba, sai dai in tsufa a nan ina cinye wa Inna tsamiya."

Daga madafa Inna ta ce, "Malam, don Allah ka tafi!"

Ranar Talata Malam Namadi bai ɗauki fasinja ba. Ya kai tsohuwar motarsa wurin Nafi'u, wadda shekara tara babu wanda ya taɓa wilinta. Lubabatu ma ta ga ya dace ta duba masu sayar da rake da ke tsallaken titin, ta wuni tana duba su.

"Wanke min su huɗun," in ji tsohon.

"To, Baba. Sai dai a jira su huce."

"Ni za ka sa jira?"

"Ƙarfen ne zai sa mu, Baba. Ga benci."

Ya zauna yana gunaguni, idonsa kuwa bai bar komai ba. Ya ga an jiƙa kafin a goga, ƙura ko ɗaya ba ta tashi ba. Ya ga takunkumi a hanci. Ya tashi da kansa ya bi ruwan wankin har ramin siminti, ya leƙa. Ya ga ana shafa tsamiya, a jira, a bi da burushi, a ɗauraye, a sake. Wili na farko sai da ya ci wanki biyar.

Zuwa la'asar uku sun fito kamar ba su ba. Na huɗun ya ƙi. Baƙin ya ci cikin ƙarfen, ya bar tabo kamar tafin yaro.

Nafi'u ya ce, "Baba, wannan iyakarsa ke nan. Ya daɗe da yawa."

Tsohon ya waiga tsallaken titi, ya rage murya. "Ruwan batir na fidda shi?"

"Zai iya."

"To samo kaɗan ka zuba. Ba ni hwaɗa mata."

"Ko ba ka faɗa ba, Baba. Da farko don ita na bari. Yanzu ko ta ce in koma, ba zan koma ba. Ka yi haƙuri da tabon."

Malam Namadi ya koma kan benci ya zauna. Aka kira sallah. Ya ga Nafi'u ya shiga bayan zana ya tuɓe kayan aiki, ya kulle su a akwatin ƙarfe har da takalmi, ya yi wanka da bokiti, ya fito da wata riga. Sannan ya zo ya durƙusa.

"Miƙo hannun."

Ya miƙa. Baƙin nan na tsagar fata yana nan, siriri, bai je ko'ina ba. Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Lubabatu ta tsallako titi ba ta san ta tsallako ba.

"Shekara goma sha huɗu ina duba hannun mutane," in ji Malam Namadi. "Na manta nawa hannun fari tas yake ranar da munka binne Hudu. Abin da ya kashe min ɗiya ban taɓa ganinai da ido ba. Wanga baƙi da nike gani, na ga inda yake kwana, cikin akwati." Ya saki hannun. "Ka turo manyanka."

Ya juya ya ga 'yarsa tsaye, ta toshe baki da hijabi.

"Ke kuma, Uwata, kin gama duba raken?"

Bayan sallah babba aka ɗaura aure. 'Yan Gummi suka zo mota uku, direbobin da suka yi dariyar kunun taya su ne suka fi kowa cin shinkafa. A cikin kayan gara, tsakanin buhun gero da tulun man shanu, Inna ta sa buhun tsamiya guda cur.

"Ga taku nan. Wanda ya ƙara taɓa tawa, ni da shi."

Abokan ango sun jera motoci masu kyau don ɗaukar amarya, amma Malam Namadi ya ce a tsohuwar motarsa za a kai ta, shi zai tuƙa. Da aka fito da ita lulluɓe, mata na guɗa, ƙawaye na jiran kukan amarya, sai aka ga ta ɗan ɗaga mayafi tana leƙen ƙasa. Wili uku na walƙiya, na huɗun da tabonsa.

Da jama'a suka watse, ango ya shigo da sallama, ya ajiye takalmi a waje tun ba a ce masa ba.

"Tsamiyata, an ce ko a bakin mota sai da kika yi aikin dubawa."

"Tabon nan yana ba ni haushi."

"Ba zai fita ba fa."

"Na sani. Kada ka kuskura ka fitar da shi." Ta kama hannunsa, ta juya tafin kamar yadda Baba ke yi, ta riƙe shi a haka. "Wata bakwai da kwana goma, Nafi'u."

"Wanki nawa ke nan?"

"Ban ƙirga ba. Ya dai fita."

Allah Ya sa albarka a gidan Nafi'u da Lubabatu, Ya jiƙan Hudu da Zulai, Ya ba su zuriyar da za ta yi rarrafe a tsakar gida mai tsabta, kakansu na zaune a gefe hankalinsa kwance. Amin.